Hoton Ƙirjin Yaya Garba

Akwai maganganu biyu da ake yi a gidanmu har yau, ƙasa-ƙasa, a yi shiru idan an ji takuna. Ta farko wai Habibu ne ya kashe mahaifinsa da baƙin ciki. Ta biyu wai ni ne na tashi Buba daga bakin kanal ɗin ban ruwa. Ta farkon ba gaskiya ba ce. Ta biyun akwai gaskiya a cikinta, shi ya sa nake so ku ji ta daga bakina, ku 'ya'yana da 'ya'yan Habibu, tun ina da hankalin da zan jera ta yadda ta faru.

Kun taso kuna jin mutanen ƙauye suna ce mini Likita. Ni ba likita ba ne, ban kuma taɓa cewa ni ne ba. Aikina a asibitin birni shi ne ɗakin hoto. In tsayar da mutum ya manna ƙirjinsa da allo, in ce ya ja numfashi ya riƙe, in danna, in shiga ɗakin duhu in wanke fim, in rataye ya bushe, in miƙa wa likita ya karanta. Karantawa ba tawa ba ce. Amma wanda ya shekara ashirin yana kallon haƙarƙarin mutane a gaban fitila, ko bai so ba idonsa zai koyi wani abu, ni kuma tun ina ƙarami ina da wannan hali na rashin barin abu in bai zauna mini a kai ba.

Yaya Garba wana ne, ɗan farin Iya. Bayan rasuwar mahaifinmu shi ya riƙe gandu a ƙauyenmu, tsakanin Kura da Bunkure. Da damina shinkafa, da rani albasa da tumatir. Mutum ne mai faɗin kafaɗa, mara yawan magana, wanda in ya sunkuya a kan bututun jan ruwa daga kanal zuwa fangali, wato ɗan yankin gonar ban ruwa, sai ka ɗauka sallah yake saboda natsuwa. Babban ɗansa Habibu a lokacin ya kusa shekara talatin, da mata da 'ya'ya biyu, amma har yanzu a gandu yake, ba shi da ko fangali ɗaya da zai ce nasa ne. Ya daɗe yana son a ware masa nasa. Ya aika manya sun yi magana, Yaya ya ce a bari sai baɗi, baɗi ta zo aka sake cewa baɗi. A shekarar da nake ba ku labari, shekarar da wayar hannu ta fara kamawa a ƙauyenmu in ka hau kan gadar kanal, haƙurin Habibu ya ƙare. A wajen injin casar shinkafa a Kura, gaban mutane, ya ce wa mahaifinsa daga wannan girbin ya fita gandu, ko an ba shi gona ko ba a ba shi ba. Waɗanda ke wurin sun ce Yaya ya dubi ɗansa, ya ɗaure buhunsa a keke, ya tafi.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, aka tsinci Yaya a bakin ƙaramin kanal da ke bi ta gonar albasa, rabin jikinsa a cikin ruwa. Wanda ya gan shi Buba ne, Bafulatanin da rugarsu ke bayan gonakinmu tun kafin a haifi Habibu. Shanunsa ne ke cin ragowar karan shinkafarmu bayan yanka, su bar mana taki, ba a taɓa rubuta wannan a takarda ba. Buba ya jawo shi waje, ya ga babu rai, ya sheƙo a guje ya faɗa. Sai dai kowa ya san cewa sati ɗaya kafin nan shanun Buba sun rushe gefen kanal, ruwa ya tsere daga albasar Yaya, su biyun sun ɗaga murya har aka jiyo su daga hanya. Kafin azahar samari sun fara taruwa da sanduna. 'Yan sanda suka zo suka tafi da Buba, rabi don bincike, rabi don kada a taɓa shi.

Ina wurin aiki aka kira ni. Na hau acaɓa daga bakin titi na iso na tarar da sufeton 'yan sanda a zaure yana cewa ba za a yi jana'iza ba sai likita ya buɗe gawar ya faɗi abin da ya kashe shi. Iya tana daga cikin gida, muryarta ba ta da ƙarfi amma kowa ya ji.

"Ba za a yanka mini shi ba. Yadda Allah ya ba ni shi haka zan mayar."

Ba ta faɗi sunansa ba. Ba ta taɓa faɗa ba, ɗan fari ne. Sufeton ya ce shi ma Musulmi ne, ya san zafin abin, amma akwai mutum a tsare, akwai kuma samari a waje. A nan ne na buɗe bakina, kuma duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo asali. Na ce akwai hanyar da za a leƙa cikin mutum ba tare da wuƙa ba. A kawo shi ɗakina in ɗauki hoton kansa da wuyansa da ƙirjinsa. In an buge shi, ƙashi zai nuna. Sufeton ya fita ya hau gada ya yi waya, ya dawo ya ce an yarda.

Ni na ɗauki hoton da hannuna. Gawa ba ta tsayuwa, don haka a kwance rigingine muka yi, na tura fim ƙarƙashin bayansa, na sauko da kan injin ta samansa. Da na koma bayan allon kariya na ɗora yatsa a kan makunni, bakina ya buɗe da kansa zai ce, ja numfashi ka riƙe. Na rufe bakin na danna.

Likitan da ke aiki ranar matashi ne, mai kirki, bai daɗe da zuwa ba. Ya ɗora hotunan a fitila ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ƙoƙon kai lafiya, wuya lafiya, haƙarƙari babu wanda ya tsage. Sai ya tsaya a kan hoton ƙirjin, ya ɗauko rula. Akwai awon da ake yi: a auna faɗin inuwar zuciya, a auna faɗin ƙirji, in zuciyar ta wuce rabin ƙirjin a ce ta yi girma. Ta Yaya ta wuce rabi, ta wuce sosai, ko ni daga inda nake tsaye na gani.

"Malam Sale, ka gani? Zuciyar ta kumbura. Da alama ya daɗe da ciwon bai sani ba. Ita ce ta tsaya masa ya faɗi."

Haka ya rubuta, sufeto ya karɓa, aka saki Buba. Bayan la'asar muka binne Yaya. Buba ya tsaya a sahun baya da 'yan'uwansa, samarin da suka ɗauko sanduna da safe suka miƙa masa hannu. Na koma gida ranar ina jin cewa ko ba komai ilimin ɗakin duhu ya hana a zubar da jini a ƙauyenmu.

Washegari a zaman makoki na shiga wajen Iya. Mata sun cika ɗakin, Yaya Hansai matar marigayin tana gefe a cikin mayafi. Iya ta ce in gaya mata abin da injin ya gani. Na faɗa mata yadda likita ya faɗa, da Hausar da ta zo mini: zuciyarsa ce ta kumbura. Ban yi tunanin yadda wannan kalmar za ta sauka a kunnen tsohuwa ba. A asibiti kumburin zuciya awo ne da rula. A gida kuwa kowa ya san abin da ke kumbura zuciyar mutum.

"To. Na san abin da ya kumbura ta," in ji Iya.

Ba ta ƙara ba, ba ta kuma buƙatar ƙarawa. Kafin sadakar uku maganar ta zaga ƙauye, har da ado: wai hoto ya nuna baƙin ciki ƙuru-ƙuru, wai likita da kansa ya ce kwana uku zuciyar ta yi tana kumbura. Na yi ta gyarawa, ina cewa likita cewa ya yi ciwon ya daɗe, amma mutane sun riga sun sami labarin da ya yi musu daidai.

Habibu bai kare kansa ba, don shi ma ya yarda. Bai fita gandun ba. Ya ɗauki aikin mahaifinsa ya haɗa da nasa, yana fita tun an idar da asuba, ba ya dawowa sai magariba. Ya daina zama a majalisa. Iya, wadda a da in ya shigo sai ta ce ga mijin nawa mara cefane, su yi ta tsokanar juna, ta koma amsa gaisuwarsa da kalma ɗaya tana kallon bango. Mahaifiyarsa tana zuba masa abinci ba ta kallon fuskarsa. Duk ƙarshen satin da na zo sai in ga ya ƙara ramewa. Wata rana na bi shi gona, muka zauna a bakin kanal, ya tambaye ni yana wasa da ƙasa.

"Baba Sale, da a ce na yi shiru ranar nan, da yanzu yana nan?"

Na ce masa kwana ne ya ƙare. Ya ce ya sani, amma ba abin da ya tambaya ke nan ba.

Abin da ya fara tayar mini da tsohon halina ya zo ne bayan kamar wata huɗu. Titin Zariya ba ya rabo da haɗari, kuma wani lokaci 'yan sanda kan kawo gawa a ɗauki hoto saboda shari'a. Aka kawo wani direban tirela, ƙaƙƙarfan mutum da bai wuce talatin da 'yan kai ba, wanda kowa ya ga abin da ya kashe shi, a kai ne. Na ɗauki kan, na ɗauki ƙirjin kamar yadda aka nema. Ina rataye fim ɗin ƙirjin sai na tsaya. Zuciyarsa ta wuce rabi. Na ce to, shi ma ashe yana da ciwon. Bayan sati biyu aka kawo wata mata da mota ta buge, ita ma haka. Sai na fara ajiye rula a aljihun rigar aiki. Duk hoton gawa da ya bi ta hannuna sai na auna kafin in miƙa, na kuma shiga ma'ajiyar tsofaffin hotuna na zaro na gawarwakin shekarun baya, waɗanda ƙura ta rufe ba mai nema. Ba su da yawa, amma kusan duka labari ɗaya suke bayarwa. Tsoho da matashi, mai ƙiba da siriri, zuciyoyinsu manya. Na zauna ina tambayar kaina: shin duk wanda mota za ta buge a titin Zariya sai mai ciwon zuciya? Ko kuwa mutuwa ce da kanta take yin wani abu?

Na rasa wanda zan gwada a kansa, sai na gwada a kaina. Wata ranar da babu layi na roƙi abokin aikina ya ɗauke ni hoto biyu. Na farko a tsaye, ƙirji manne da allo, na cika huhu da iska na riƙe, yadda muke yi wa kowa. Na biyu na kwanta rigingine a kan teburin da Yaya ya kwanta, fim a ƙarƙashin bayana, na fitar da duk iskar da ke cikina na saki jiki kamar ba ni da rai. Abokin nawa yana dariya yana cewa wannan sabon salon ɓarnar fim ne. Na wanke su na jera a fitila. A na farko zuciyata ba ta kai rabi ba. A na biyu ta haura rabi. Minti biyar ne tsakaninsu, mutum ɗaya, kuma babu wanda ya ɓata mini rai a tsakani.

A nan dole in faɗi abin da ba ya yi mini daɗin faɗa. Na san tun a makaranta cewa hoton kwance yana ƙara wa zuciya faɗi, domin tana nesa da fim, inuwarta ta bazu. Na san in mutum bai ja numfashi ba, tantanin da ya raba ƙirji da ciki yakan hau sama ya ture zuciya ta kwanta a karkace. Na san wannan duka a kan masu rai. Amma ranar da wana ne a kan teburin, ga likita da rula, ga sufeto a bakin ƙofa yana jira, ga amsar da za ta kwantar da ƙauye, ban tuna ko ɗaya ba. Ko kuma na tuna na ƙi saurara. Har yau ban iya rabe waɗannan biyun ba.

Sai na tuna wani abu kuma. A ranin da ya gabaci na rasuwarsa Yaya ya yi tari mai naci, na matsa masa ya zo birni na ɗauke shi hoto, aka ce ba komai, sanyi ne. Ya tafi da hoton gida. Ƙarshen satin nan na je wajen Yaya Hansai na tambaye ta. Ta buɗe akwatin ƙarfensa, ƙarƙashin babbar rigarsa ta sallah ga ambulan ɗin ko lanƙwasa bai yi ba. Na fita tsakar gida na ɗaga shi a rana na ɗora rula. Zuciya daidai, tsaf, kamar ta saurayi. Wata goma kafin rasuwarsa.

Akwai wani dattijon likita da ke zuwa sau biyu a sati yana karanta hotuna masu wuya. Mutane na tsoronsa don ba ya dariya, amma na lura yana son a yi masa tambaya. Na tattara komai na kai masa: na Yaya biyu, nawa biyu, da na direban tirela. Ya jera su, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Wane ne wannan da ya kwanta ya yi kamar ya mutu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Ranar na fara ganin haƙoransa. Ya ce in jawo kujera. Ya ce abin da na gano gaskiya ne, amma rabi ne. Kwanciya da rashin numfashi suna ƙara inuwar, wannan na gwada da kaina. Akwai kuma abin da ba zan iya gwadawa ba sai na mutu da gaske. Muddin zuciya tana bugawa, tana tura jini gaba, ba ya taruwa wuri ɗaya. In ta tsaya, jinin da ke cikin jijiyoyi yakan koma ya daidaita, mai yawa ya taru a ɓangarenta na dama, wanda bangonsa siriri ne, sai ya buɗe. Ɓangaren hagu kuma mai kauri yakan sandare kamar yadda sauran naman jiki ke sandarewa. Daga baya in gawa ta daɗe, wasu canje-canjen su biyo. Don haka zuciyar da ke cikin hoton gawa ba ita ce zuciyar da mutumin ya yi yawo da ita ba, kuma awon rabin ƙirji an yi shi ne don mai rai da ke tsaye.

Na tambaye shi ko zuciya na iya kumbura cikin wata goma. Ya ce tana iyawa, amma wannan hoton ba zai iya shaida hakan ba. Na tambaye shi ko kwana uku na ɓacin rai na iya yin wannan faɗin. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce wannan faɗin da nake gani mutuwa ce da tebur suka yi shi. Sai na yi tambayar da na fi tsoro.

"To me ya kashe shi?"

"Ban sani ba. Zuciya na iya tsayawa ba tare da ta girma ba. Jijiya na iya fashewa a kai. Yana iya zamewa ya suma ruwa ya ƙarasa. Abin da hoton nan ya sani shi ne babu ƙashin da ya karye. Bayan wannan bai san komai ba."

Ya kira matashin likitan ya nuna masa, ba da faɗa ba, suka rubuta gyara aka aika wa 'yan sanda. Su ba su ga dalilin sake buɗe magana ba, tunda babu rauni babu shaida. Ta wajen hukuma abin ya ƙare a nan. Saura gida.

Na yi sati uku ina juya abin. Mahaifiyarku, ku 'ya'yana, Allah ya ji ƙanta, ita na fara gaya wa. Tana tankaɗe ta saurare ni har na gama.

"Yanzu in ka ce ba zuciya ba ce, me kake so mutane su ce?"

Na ce ban ce ba zuciya ba ce, cewa na yi ba a sani ba.

"A asibitinku ne ake zama da ba a sani ba. A ƙauye sai an sani. Ka cire Habibu, wa za su sa?"

Ta yi gaskiya, na kuma san ta yi gaskiya tun a lokacin. Kalma ɗaya ce ta wanke Buba ta ɗaure Habibu. In na janye ta, ɗaya zai sha iska, ɗayan ya koma inda yake ranar da aka tsinci gawar. Na yi tunanin in kira Habibu shi kaɗai in gaya masa a asirce. Amma ba a asirce ake juya masa baya ba, kuma na san ba zai yarda da ni ba in har ba zan iya faɗa a gaban Iya ba. Zai ɗauka lallashi ne.

Don haka na fara zuwa ruga. Na tarar da Buba yana ɗaure maruƙa. Muka gaisa, ya shimfiɗa mini buzu a inuwa, na yi masa bayani tun daga farko, har na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya saurara da kyau, ya yi tambayoyi masu ma'ana fiye da na wasu masu takarda. Na ce masa ban yanke shawara ba tukuna, na zo ne in ji ta bakinsa, domin shi abin zai fi shafa.

"Likita, ba hotonka ne ya sa ban kashe Garba ba. Ban kashe shi ba ne kawai. Yaron nan Habibu kuwa ina ganinsa kullum a gona, ya kusa ƙarewa. Je ka faɗa."

Na tambaye shi in samari suka sake tasowa fa. Ya ce shanu suna da ƙafa.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tara su a ɗakin Iya: ita, da Yaya Hansai, da Habibu, da ƙannenmu maza biyu. Na ɗaga hotunan a bakin ƙofa inda haske yake. Na nuna musu na Yaya yana da rai, na nuna nawa biyu. Na ce ni na kawo kalmar kumburi gidan nan, ni ne kuma na zo in ɗauke ta, don kuskure ce. Na ce babu wanda ya san abin da ya kashe Yaya sai Allah, kuma babu hoton da ya nuna baƙin ciki, ba a taɓa yin injin da ke ganin sa ba. Yaya Hansai ta fara kuka a hankali. Habibu ya karɓi hoton mahaifinsa na farko ya riƙe da hannu biyu, yana ta kallo. Iya kuwa ni take kallo.

"Da ka ce ka sani. Yanzu ka ce ba ka sani ba. Wanne zan ɗauka?"

"Na yanzu, Iya."

"Ka ɗauke shi ka kai birni ka hana ni zama kusa da shi ranar ƙarshe, ashe ba ka gano komai ba."

Ta juya mini baya. Wata shida ba ta amsa mini gaisuwa da fiye da kalma ɗaya ba. Abin da ta yi wa jikanta shi ta dawo da shi kaina, na kuwa karɓa, don ya fi dacewa da ni. Amma tun a satin ta aika aka kira Habibu ya gyara mata ƙofar ɗaki, ƙofar da ba abin da ya same ta. Da girbi ya zo, ita da kanta ta ce a ware masa fangali shida na bakin hanya. Gonar da kuka taso kuna ci ke nan, ku 'ya'yan Habibu.

A waje kuma abin ya tafi yadda mahaifiyarku ta faɗa. Ba wanda ya ɗauki sanda a wannan karon. Abin ya zo a hankali. Aka daina sayen nonon matan rugar a ƙauyenmu, sai sun kai Bunkure. Wanda ya saba barin shanun Buba su shiga gonarsa bayan yanka ya ce bana zai ƙona karan. In ya zo masallacin Juma'a a gaisa da shi a tsaitsaye. Na bi majalisa-majalisa ina cewa babu ƙashin da ya karye, babu rauni, mutumin nan shi ya jawo gawar ya kuma zo ya faɗa. Sai a ce mini, ai kai da bakinka ka ce ba a sani ba. Habibu ya buɗe masa gonarmu, ya je har ruga ya roƙe shi ya zauna, amma gona ɗaya ba ta riƙe garke. Kafin rani ya tsaya, wata safiya aka ga wurin rugar babu kowa sai turaku da toka.

Na yi shekara biyu ina tambaya kafin wani dillalin shanu ya gaya mini inda suka sauka, can kudu wajen Tudun Wada. Na ɗauki hutu na tafi, mota biyu da acaɓa. Na same shi ya yi furfura, shanun sun ragu. Ya karɓe ni kamar jiya muka rabu, ya tambayi Iya, ya tambayi Habibu, na ce ya yi ƙiba har ya sayi injin ban ruwa. Ya ce madalla. Aka kawo fura da nono muka sha. Na shirya maganganu da yawa a hanya, amma kafin in fara ya riga ni.

"Ka san abin nan da ka zana mini a ƙasa? Na duba. Da layya na sa aka ba ni zuciyar bijimin da muka yanka, na ajiye ta a ƙwarya. Da farko laushi gare ta. Kafin azahar gefe ɗaya ya yi tauri kamar dutse, ɗayan yana nan lakaf. Na kira yara na nuna musu."

Na ce ta dabbar da aka yanka jini ya fita, ba daidai take da ta mutum ba. Ya ce ya yi wannan tunanin shi ma, shi ya sa da wata saniya ta mutu masa da kanta ya buɗe ya duba, ya tarar gefen nan mai laushi cike da jini. Muka zauna mu biyu, tsofaffi, muna gardamar zuciyar saniya har inuwa ta juya.

Da na tashi tafiya ya rako ni bakin hanya. Na ce masa wurin rugarsu yana nan, ba wanda ya noma shi, mutane kuma sun fara mantawa. Ya ce ya ji. Na ce ko zai dawo. Ya dubi hanya ya ce ga mai acaɓa can tafe, in yi sauri in tsayar da shi, don in wannan ya wuce ba lalle a sami wani ba yau.